Lambar da kakana ya bari daga yaƙin Bama, Victoria Cross ce?

"Assalamu alaikum Malam. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi soja a zamanin Turawa har ya je yaƙin Bama. Ya bar lambobi huɗu, suna hannun babana. Tun muna yara ake ce mana ɗaya daga ciki ita ce Victoria Cross, wadda ta fi kowace lamba daraja a sojan Ingila, wai an ba shi ne don ya saɓo wani Bature da aka harba ya fito da shi daga cikin ruwan harsashi. Yanzu wani dillali yana ta yi mana zarya yana so ya saya. Don Allah mene ne asalin lambar nan, ta yaya zan gane ko ita ce, kuma akwai ɗan Najeriya da ya taɓa samunta?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan tsoho, ya kai haske kabarinsa. Abu uku kake son sani: inda lambar ta samo asali, yadda ake gane ta, da ko namu sun taɓa samu. Zan fara da na ƙarshe, ko da yake ba zai yi wa mutanen gida daɗi ba. Ba a bai wa kakanka Victoria Cross ba. Na faɗi haka kai tsaye ban ga lambar ba, domin duk wanda aka taɓa bai wa ita tun 1856 sunansa yana rubuce, an buga shi a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Birtaniya, kuma a cikin jerin babu ɗan ƙasa ko ɗaya daga rundunar Najeriya, haka babu daga ta Gana, ta Saliyo ko ta Gambiya.

Amma kada wannan ya sa ku ƙaryata labarin da kuka tashi da shi. Ɗauko hafsa da ya ji rauni ana tsaka da wuta, irin aikin ne da aka bai wa sojojinmu da dama wata lambar jarumtaka a kansa, kuma zai yiwu ita ce ke hannunku. Don haka ku dakatar da dillalin nan tukuna.

Inda ta samo asali

Yaƙin Kirimiya ne ya haifi wannan lamba, wanda aka gwabza daga 1853 zuwa 1856, Rasha a gefe ɗaya, Daular Usmaniyya da Faransa da Birtaniya a ɗaya gefen. Kafin lokacin, karramawar soja a Ingila ta manyan hafsoshi ce. Kurtu zai iya yin abin da ya fi ƙarfin baki, iyakarsa a yaba masa a sansani. Su kuwa Faransawa da suke yaƙi kafaɗa da kafaɗa da su, suna da Légion d'honneur tun 1802, wadda ba ta duba muƙami, ga kuma Médaille militaire ta 1852 don ƙananan sojoji. Sannan a wannan yaƙi ne 'yan jarida suka riƙa aiko da rahoto daga fagen daga, musamman William Howard Russell na jaridar The Times, mutanen gida suka ji irin wuyar da kurata ke sha da irin bajintar da suke yi ba wanda ya kula. Surutu ya yi yawa har majalisa. A 1854 aka fito da Distinguished Conduct Medal don ƙananan sojoji, sannan ranar 29 ga Janairun 1856 Sarauniya Biktoriya ta sa hannu a dokar da ta kafa Victoria Cross, lamba ɗaya tak ga kowa, daga kurtu har janar, sojan ƙasa da na ruwa, sharaɗinta kawai a yi bajintar a gaban abokan gaba.

An mayar da hannun dokar baya don ta haɗa da waɗanda suka yi fice tun farkon yaƙin. Aikin da ya fi kowane daɗewa da aka ba da ita a kansa na wani matashi ne ɗan Ailan, Charles Lucas, a jirgin ruwan yaƙi mai suna Hecla a tekun Baltik, cikin Yunin 1854. Harsashin igwa ya faɗo a kan jirgin, lagwaninsa yana ci, aka yi ihu kowa ya kwanta. Shi kuwa ya ruga ya sungume shi da hannu ya wurga a teku, ya fashe kafin ya taɓa ruwa. Ranar 26 ga Yunin 1857 Sarauniya da kanta ta maƙala wa mutum 62 lambar a filin Hyde Park da ke Landan.

Da gangan aka yi ta da tagulla, ba zinariya ba, ba azurfa ba, don kada darajarta ta zama ta ƙarfen da ke jikinta. Kamfani ɗaya ne yake ƙera ta tun farko har yau, Hancocks na Landan. An daɗe ana cewa daga igwogin Rasha da aka kama a Sebastofol ta Kirimiya ake narko tagullar, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna wadda ake amfani da ita tun 1914 ta wasu igwogi ce ƙirar Sin. Da farko, wanda ba hafsa ba, ana haɗa masa da fam 10 a shekara, kuɗin da gwamnati ta ɗaga zuwa fam 10,000 a 2015.

Sau 1,358 aka bayar da ita, ga mutum 1,355, domin uku sun samu sau biyu: likitocin soja Arthur Martin-Leake da Noel Chavasse, da Charles Upham ɗan Niyuzilan. Yaƙin duniya na ɗaya ya kwashe 628, na biyu 182, kuma tun daga 1945 sau 15 kacal aka bayar. Kusan 300 daga cikin masu ita ba su gan ta da idonsu ba, iyalansu aka miƙa wa.

Hanyar da takarda ke bi

Nan ne nake so ka natsu, don shi ne mabuɗin sauran bayanin. Bajinta kaɗai ba ta kawo lambar. Sai wani ya gani, sai hafsan da ke kan sojan ya zauna ya rubuta, a al'ada da shaidu uku. Takardar ta tafi wurin kwamandan bataliya, daga nan birged, daga nan babbar runduna, har ta isa ma'aikatar da ke kula da soja a Landan, sannan Sarki ko Sarauniya ta amince. A kowane mataki akwai mai alƙalamin da zai iya soke abin da aka nema ya rubuta ƙaramar lamba a madadinta, ko ya ajiye takardar gaba ɗaya. Wanda ya saba duba irin waɗannan takardu ya san yadda suke: bayanin aikin da tafireta, a gefe kuma sa hannu bisa sa hannu, wani lokaci ka ga an ja layi a kan lambar da aka roƙa an rubuta wata da hannu. Idan hafsan da ya gani ya mutu a wannan karon, ko shaidun ba su jin Turanci kuma ba wanda ya damu ya ɗauki bayaninsu, to aikin ya tafi ke nan.

Dokar ta yi tanadin inda rukuni guda ya yi bajinta tare har ba a iya ware mutum ɗaya: a jefa ƙuri'a, hafsoshi su zaɓi ɗaya, su saje da kofur su zaɓi ɗaya, kurata su zaɓi biyu. Ka riƙe wannan, zai yi amfani a labarin da ke tafe.

Kwatarkwashi, 1903

Akwai Victoria Cross guda da aka samu a ƙasar Hausa, kuma duk lokacin da na karanta sanarwarta sai raina ya sosu. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin. A hanyar dawowa jama'arsa ta rabu, kuma Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka ƙi miƙa wuya. A ƙarshen watan suka yi karo da wani ƙaramin ayarin sojan Turawa kusa da Kwatarkwashi, cikin jihar Zamfara ta yanzu, ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Sanarwar ta ce Wright, da hafsa ɗaya da soja 44, ya tare hanya ya jure hare-haren mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har awa biyu, kuma ta yarda cewa Kanawa sun ja da baya ne cikin tsari bayan sun yi asarar mutane da yawa. Lissafin na Turawa ne, su suka rubuta. A nan Waziri Ahmadu ya kwanta dama, shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada.

Duba abu biyu. Soja 44 ɗin nan da suka yi sahu suka tsaya dawaki na tunkaro su a sukwane, 'yan Afirka ne na rundunar Najeriya ta Arewa, amma sanarwar ba ta ambaci sunan ko ɗayansu ba, adadi kawai, kuma duk da tanadin ƙuri'ar nan babu wanda ya samu lambar a cikinsu. Sannan mutanen da suka riƙa sake kai hari da takobi da mashi cikin bakin bindiga har awa biyu, in jarumtaka ake nema ai ga ta nan, sai dai lamba ta mai mulki ce, yana bai wa nasa. Ba ina rage wa Wright komai ba ne, tsayuwar da ya yi ba ta rago ba ce. Abin da nake so ka gani shi ne jerin masu Victoria Cross jerin waɗanda daular Birtaniya ta zaɓi ta rubuta ne.

Haka aka yi a wasu wuraren. A yaƙin Asante na 1900 a ƙasar Gana ta yanzu, Turawa biyu da ke aiki da rundunar Afirka ta Yamma, Charles Melliss da John Mackenzie, sun samu. A Kamaru cikin Nuwamban 1914 Kyaftin John Butler ya samu, yana jagorantar soja 13 na rundunar Gana.

To me ya hana namu?

Wani zai ce ai ba a bai wa baƙar fata. Ba haka ba ne kai tsaye. William Hall, ɗan Kanada wanda iyayensa suka tsere wa bauta a Amurka, ya same ta a Lakno ta Indiya a 1857. Samuel Hodge ya same ta a bakin kogin Gambiya a 1866, inda ya sare shingen wani gari da gatari ana harbinsa. William Gordon ɗan Jamaika ya same ta a Gambiyar a 1892, ya ture hafsansa gefe harsashin ya same shi a ƙirji. Su biyun nan na ƙarshe suna rundunar West India ne, ta yankin Karebiyan, wadda ake lissafa ta cikin sojan Birtaniya sosai. A zamaninmu ma akwai Johnson Beharry ɗan Girenada, direban motar sulke, wanda ya fitar da abokansa daga kwanton ɓauna sau biyu a Amara ta Iraƙi a 2004, karo na biyu da mummunan rauni a ka.

Sojojin Indiya sai a 1911 aka buɗe musu ƙofa, kuma Khudadad Khan ne ya fara samu, a Beljiyam cikin Oktoban 1914. Dokar da aka sabunta a 1920 ta haɗa da rundunonin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, don haka lokacin da kakanka ya je Bama, a takarda ya cancanta. A wannan dajin na Bama Indiyawa da Gurkawan Nefal da dama sun samu. Lachhiman Gurung, a Mayun 1945, gurneti ya fashe a hannunsa na dama yana ƙoƙarin mayar wa Japanawa, ya ci gaba da ɗura bindiga yana harbi da hagu shi kaɗai a ramin har awa huɗu.

Mu kuwa mun tura dubun-dubatar mutane. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, ta 82 a Arakan, su biyun suka haɗu suka ƙwace Myohaung a Janairun 1945, bataliya uku na Najeriya kuma sun shiga cikin 'yan Chindit, sojojin da ke kutsawa bayan sahun Japanawa, a 1944. Sunayen barikokinmu, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a nan Zariyarku, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung a Legas, duk daga can aka kwaso su. A ce cikin wannan taro duka ba wanda aikinsa ya kai, hankalina bai ɗauka ba.

Dalilan da nake gani sun haɗu ne. Tun 1903 aka ware wa sojojin Afirka tasu Distinguished Conduct Medal ta daban, aka ci gaba da haka har 1942, sai ta zame wa hafsoshi kamar rufin ɗaki: in baƙin soja ya yi abin mamaki, nan tunaninsu yake tsayawa. Ga matsalar harshe. Da Hausa ake tafiyar da rundunar Najeriya a wancan zamani, amma hafsoshin da aka kwaso da gaggawa lokacin yaƙin Hitila da yawansu ba su ji ta sosai ba, kuma shaidar kurtu ba ta shiga takarda sai ta bakin Bature. Ga kuma irin aikin: mutane da yawa a rundunonin nan 'yan dako ne, suna ɗauke da harsashi da abinci da majinyata a ka cikin daji da tsaunukan da mota ba ta shiga, aikin da ke kashe mutum amma ba ya cika jawo alƙalamin yabo. A ƙarƙashin duka akwai raini. Hukumar da ba ta cika yarda ɗan ƙasa ya wuce samanja ba, da wuya ta ɗora shi a kan lambar da janar ke sara wa mai ita. Wannan ra'ayina ne daga abin da na karanta na takardun, kuma ina riƙe da shi da ƙarfi, sai dai hukunci a kan mutum guda yana buƙatar takardarsa a gaba.

Duk da haka namu sun samu lambobin jarumtaka na gaske. Alhaji Grunshi na rundunar Gana, wanda ake lissafa shi ne ya fara harba bindiga a ɓangaren Birtaniya a yaƙin duniya na ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914, ya samu Distinguished Conduct Medal da Military Medal. Belo Akure na rundunar Najeriya ma ya haɗa biyun. Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno da ya fara soja wurin Jamusawa a Kamaru kafin ya koma rundunar Najeriya, ya samu Military Medal, kuma barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi.

Ka ɗauko lambobin ka duba

Victoria Cross kuros ce mai hannu huɗu masu faɗi a baki, launinta duhun tagulla, ba ta ƙyalli. A tsakiya akwai kambin sarauta, zaki a tsaye a kansa, a ƙasa an rubuta FOR VALOUR. Tana rataye ne da harafin V a jikin wani ɗan ƙarfe mai zanen ganye, ƙyallenta ja ne mai duhu, launi ɗaya ba ratsi. A bayan ɗan ƙarfen ake zana suna da muƙami da runduna, a tsakiyar bayan kuros ɗin kuma ranar da aka yi bajintar.

A yawancin gidajen 'yan mazan jiya da aka kira ni in duba, abin da ake kwancewa daga tsumma ko a fito da shi daga tsohuwar akwatin ƙarfe kusan iri ɗaya ne. Tauraro biyu masu tsini shida launin rawaya-rawaya, da zagayayyu biyu farare. Tauraron da ke da rubutun THE BURMA STAR, mai ƙyalle shuɗi da jan ratsi mai faɗi a tsakiya da siraran ratsin ruwan lemo, shi aka fi ɗauka Victoria Cross, ina jin saboda tsininsa da jan da ke ƙyallen. Ɗayan shi ne tauraron 1939 zuwa 1945. Wanda ya yi yaƙin Habasha kafin Bama zai iya samun na Afirka, mai ƙyalle ruwan ƙasa. Cikin zagayayyun, mai zaki tsaye a kan dodo ita ce lambar yaƙi, mai ƙyalle kore da ruwan wuta kuma ta tsaro. Waɗannan duka na halarta ne, duk wanda ya cika kwanakin da aka ƙayyade a fagen ya samu, kuma yawanci ba suna a jikinsu. Tunda huɗu ka ce, zai yiwu su ne.

Wadda nake fata ka samu ita ce zagayayya ta azurfa, kan Sarki Joji na shida a gaba, a baya an rubuta FOR BRAVERY IN THE FIELD, ƙyallenta shuɗi mai duhu da ratsin fari uku da ja biyu a tsakiya. Wannan ita ce Military Medal, an kafa ta a 1916, kuma har aka daina bayar da ita a 1993 ba a ba da ita sai don bajinta a gaban abokan gaba. In kuma rubutun FOR DISTINGUISHED CONDUCT IN THE FIELD ne, ƙyalle ja da shuɗi a tsakiya, to wannan a wancan zamani ita ke bin Victoria Cross a daraja ga wanda ba hafsa ba. Su biyun ana buga lambar soja, wato nambar da aka yi masa rajista da ita, da muƙami da suna a kaurin bakinsu. Ka juya ta a tsaye kusa da taga da safe, ka ɗauki hoto da waya ka faɗaɗa. Lambar sojan Najeriya tana farawa da NA. Ka duba ƙyallayen kuma, in ka ga ɗan ganyen tagulla a maƙale, alama ce an ambaci sunansa a rahoton kwamanda, wannan ma yabo ne na musamman.

Roƙona ɗaya, kada a goge su. Na ga Military Medal da jikoki suka dirje da toka da lemun tsami don ta yi haske ranar suna, har rabin lambar sojan ta shafe, kuma da wannan lambar ce kaɗai za a iya gano mutumin. Tsumma mai laushi busasshe ya isa. Tsohon ƙyalle ko ya yage a bar shi.

In ka samu lambar soja, ko a jikin azurfar ko a littafin sallamarsa, sai ka nema a shafin intanet na London Gazette, da na ma'ajiyar tarihin Birtaniya da ke Kew, a rukunin takardu mai lamba WO 373, inda aka adana takardun neman lambobin yaƙin duniya na biyu. In an dace za ka ga bayanin abin da ya yi, da rana da wurin. Ka yi haƙuri da rubutun suna, don magatakardan soja sun rubuta yadda kunnensu ya ji, kuma sau da yawa sunan gari ko na ƙabila suke sa wa mutum a matsayin na biyu: Musa ya koma Musa Zaria, Garba ya koma Garuba. Ka gwada kowane salo, amma lambar ta fi suna tabbas.

Iyakar abin da zan iya daga nesa ke nan. Ba zan ce maka ga wadda ke hannunku ba sai na ga hoton gaba da baya da bakin kowace, kuma ba na sa wa lamba farashi ta hoto, don akwai na jabu da yawa a kasuwa. Game da dillalin, ka san cewa Victoria Cross ta gaske ana cinikinta da dubban ɗaruruwan fam, ta Chavasse an ba da rahoton ta kai kimanin fam miliyan 1.5 a 2009, kuma mai sayen irinta ba ya yin ciniki a zaure. Taurarin halarta kuɗinsu kaɗan ne. Military Medal mai sunan sojan Afirka ta Yamma kuwa masu tarawa suna nemanta sosai saboda ƙarancinta, don haka in ita ce a cikin huɗun, to ita yake hari, kuma ya fi ku sanin abin da ya gani. Kada ku raba su ɗaya-ɗaya, kada ku ba shi ya tafi da su da sunan zai nuna wa wani, kuma duk shawarar da babanka zai yanke, ku fara ɗaukar hotunansu da na littafin sallamar ku rarraba wa 'yan'uwa.